Gwaggo Ta Ci Ciyawa

Gwaggo ta ci! Ummi, wallahi ta ci, da bakinta, ba da sirinji ba. Yau da na dawo daga sallar asuba, ko takalmi ban gama cirewa ba na ji ƙaras-ƙaras daga ɗakinsu. Na leƙa a hankali, sai ga ta zaune a kan marmararta, ta riƙe tsinken ciyawa da hannu biyu kamar mai shan rake, tana harara ta da gefen ido, sai ka ce ni ne na yi kwana tara ina tayar wa mutane hankali. Ta cinye wannan, ta ɗauki wani. Na ƙirga har bakwai, sannan na zauna a ƙasa ina kallon ta.

Astagfirullah, ga ni na fara ba sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yata, mai sunan uwata. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki Malam Nasiru, da jikata, amaryata Jumana. Allah Ya sa sabon gidanku na Ɗa'ifa ya zama gidan zaman lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na maƙwabci, Ya sa aikin da ya kai mijinki can ya zama alheri. Unguwarmu Misfala tana nan yadda kika bar ta, sai dai benen sama da kuka tashi ya yi shiru da yawa.

Kin san abin da likitan dabbobi ya faɗa ranar da ya rage mata haƙoran ciki. Ya ce in ba ta koma ci da kanta ba, kada a sa ta a mota. In kuwa Gwaggo ba ta tafi ba, abokiyar zamanta Uwani ma ba za ta tafi ba, don shekara goma sha biyar ke nan ba su taɓa kwana a rabe ba. To, ga shi ta ci. Zan mayar da ita ya sake duba ta, in ya yarda, ranar Alhamis ta sama ku zo ku ɗauki abinku. Ki gaya wa amarya ta share hawaye. Ranar da za ku tafi ta riƙe mini riga tana cewa, "Sidi, in ba su zo ba ni ma ba na son Ɗa'ifa, halas." Na ce, "Au, amarya, ni za ki bari babu kuka, amma ɓeraye kike wa kuka?" Ta ce, "Ba ɓeraye ba ne, cincila ne! Kai kuma ka tsufa, kana da sanda." Ki gaya mata na ji, kuma ina nan ina jiran ta.

Da baki na so in yi miki wannan bayani, amma na san ki. Zan fara magana, ki ce "ɗayyib, Baba, ɗayyib," idonki yana kan waya. Takarda kuwa ana iya manna ta a bango kusa da keji. Na rubuta da Hausa don ita ce ke fito mini daga ciki kai tsaye. In wani wuri ya cije miki, mijinki ya karanta miki, tun da shi ya koya mini waɗannan baƙaƙe, kurakuran ciki ma rabinsu nasa ne.

Ba zan ba ki labarin abin da na iya ba. Abin da na ɓata zan ba ki, don shi ne ya koya mini sauran.

Kin tuna ranar da mahaifiyarki, Allah Ya jiƙan ta, ta shigo da su cikin kwali, tukuicin jarrabawar da kika ci? Su uku ne a lokacin, da Auta. Kika raɗa musu sunayen Larabci masu daɗi, ni kuma na kasa riƙewa, na sa musu nawa, kuma nawa ne suka zauna. Na leƙa kwalin na ga kunnen ɓera, jikin zomo, wutsiyar kurege, da gashi wanda in ka sa yatsa ba ka jin ka taɓa komai. Aka ce mini daga duwatsu masu sanyi na wata ƙasa mai nisa asalinsu yake. Na ce, to me ya kawo su Makka, ko su ma Umara suka zo? Mahaifiyarki ta ce in yi shiru in kawo katako.

Kuskurena na farko a kansu tsafta ce ta jawo shi. Na yi wata biyu ina kallon su, ban ga ruwa ya taɓa jikinsu ba, sai birgima cikin wani farin gari a kwano. Abin ya tsaya mini a rai. Gidan da ake salla, a ce akwai mai rai da ba ya wanka? Wata rana kina makaranta na ɗauki Uwani, na tara ruwan ɗumi a roba, na sa sabulu, na wanke ta tas. Ina jin daɗi, ina ganin na yi aikin lada. Ummi, gashin nan ya ƙi bushewa. Ya dunƙule ya manne da fata, tana ta karkarwa, bayan kwana kaɗan fatar bayanta ta fara kumbura, gashin wurin ya zube. Mahaifiyarki ta dube ni ta ce, "Malam, waɗannan masu taimama ne, kai ka kai su wanka." Sai da muka yi wata guda muna shafa magani. Don haka, komai dattin da kika gani, kada ruwa ya taɓa su. Garin wankansu na saka miki buhu guda cikin kayan. Ki zuba kaɗan a kwano, ki sa musu bayan magariba, sau biyu a mako, minti goma, ki ɗauke. Da can sau uku nake yi, amma yanzu sun tsufa, fatarsu tana saurin bushewa, idon Uwani kuma yana ruwa in garin ya yi yawa. Kada kuma Malam Nasiru ya ce zai ɗebo musu yashi daga bayan gida. Yashi kaifi gare shi, ba ɗaya ba ne.

Na biyu, dabino. Mu dai a gidan nan ba a zama kusa da mai shan gahawa a tashi baki a bushe. Duk bayan la'asar nakan zauna a ɗakinsu da butar gahawata da faranti, su kuma su fito bakin keji su miƙe tsaye suna kallon hannuna. Wa zai iya? Na fara da ɗan gutsure, na koma rabi, har ya zama kowace tana da nata dabino a kullum. Ranar nan na tarar da Gwaggo kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, gindinta duk ya ɓaci. Ke kika zo kina kuka kina neman takardar da mai kanti ya haɗo mu da ita. Muka neme ta ko'ina. A ƙarshe kika same ta a ƙarƙashin ƙafar keji, na ninke ta huɗu na tokare don kejin yana rawa. Kika buɗe, kika karanta mini da ƙarfi: kada a ba su zaƙi, ko dabino, ko zabibi, ko ɗanyen 'ya'yan itace. Shekaru takardar nan tana ɗakin, kullum ina share gefenta.

Ni kuwa kunya ta kama ni. Tun ina ɗan shekara goma aka sa ni a shagon gyara, na iya sauraron mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, daga bakin ƙofa in faɗi abin da ke damun sa, amma layi uku a takarda sun fi ƙarfina. Makon nan na je na rubuta sunana a ajin manya na bayan magariba, ina da furfura a gemu, na zauna a kujerar yara gwiwata tana dukan tebur. Daga baya wani ɗalibi Bakano mai yawan kunya ya fara koya wa dattawan unguwa rubutun Hausa, na shiga nan ma. Ban san kunyar tasa ta nufi benen gidana ba. Kin ga, Gwaggo ce ta kai ni makaranta, makaranta ta kawo miki miji. Ki riƙa girmama ta.

Shawara a nan gajeriya ce. Abincinsu busasshiyar ciyawa, kada ta yanke a kejin ko na awa ɗaya, sai ƙwayoyin abincinsu cokali guda kowace, da ruwa mai tsabta. Ke ba ke nake jin tsoro ba, baƙinki nake ji. Za a zo ganin gida, kowace mace da jaka, kowace jaka da alewa, kuma za su miƙe tsaye su yi wannan kallon nasu. Ki rufe ɗakin ki sa mabuɗin a aljihu. Wanda ya ji haushi ki ce ni na ce.

Tun da na ambaci ganin gida, ga maganar turare. Na san ki, 'yar mahaifiyarki ce ke, ba za ki kwana a sabon gida ba sai kin zaga da kasko ɗaki-ɗaki har labule ya kama. Ki yi, amma ki gama kafin Alhamis, ki buɗe tagogi. Ni na taɓa shiga musu da kasko ranar wata Juma'a, wai su ma su ji ƙamshi. Uwani ta yi kwana uku tana atishawa, tana goge hanci da hannu. Ƙirjinsu ƙarami ne, yanzu kuma ya tsufa. Ɗakinsu ba turare, ba maganin sauro, ba fenti sabo.

Yanzu ga wadda na san za mu yi musu a kanta. Malam Nasiru ya nuna mini hoton kejin da kika gani a kasuwa, fari, mai hawa huɗu, da tsani da lilo. Kin ce sabon gida ba ya son tsohon tarkace, kuma kejina duk ya sha cizo, katakon ya yi baƙi. Gaskiyarki, ba shi da kyan gani. Amma ki saurare ni. Shekara biyu da suka wuce ni ma na ga ya tsufa. Na ɗauki yini guda na cire katakan duka, na sa sababbi, na canza musu wuri, na ɗaga ɗakin kwanansu can sama don ya yi fasali. Na mayar da su ciki ina jiran godiya. Uwani ta yi tsalle zuwa inda katako yake tun tana ƙarama, babu shi, ta faɗo har ƙasa. Ta tashi ta sake, ta sake faɗowa. A ranar na gane idonta ya tafi tun tuni, ni ban sani ba, don ba da ido take yawo a kejin ba, da haddar wuri take yi. Na zauna na tono tsofaffin katakan daga shara, na mayar da kowanne raminsa, ina ba ta haƙuri kamar mutum. Ta yi mako biyu tana ɗingishi.

Don haka tsohon kejin za ki ɗauka, yadda yake. Na rubuta lamba a bayan kowane katako da fensir, na kuma zana a bayan wannan takarda inda kowanne yake zama. Kwanon abinci a hagu, kwalbar ruwa a dama, ƙasa-ƙasa yadda ba sai sun miƙe ba. Na sauke katakan sama tun bara, don Gwaggo ba ta iya dogon tsalle, kada wani ya ga ramukan ya ce zai mayar. Akwatin kwanansu kada ki wanke shi, kada ki goge. Warin da kike ƙi shi ne gidansu. Na ƙulla miki tsohuwar shimfiɗarsu kaɗan a leda, ki barbaɗa a kan sabuwa. Komai zai zama baƙo a wurinsu, haske da ƙara da iska, to a bar musu abu ɗaya da suka sani. Makon farko kada a fito da su, kada a ɗauke su. Amarya ta zauna kusa da kejin ta yi karatunta da murya ƙasa-ƙasa, za su zo da kansu. In kuma ta ɗauka daga baya, hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙasa. In ta damƙi gashi, gashin zai biyo hannunta ya bar fili, ta tsorata a banza.

Ciwon nan na Gwaggo ma, in za a faɗi gaskiya, sakacina ne. Haƙoransu ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke cinye su. Ta yi makonni tana tsince ƙwayoyi tana barin ciyawa, ni kuma ina cewa tsufa ne, tsoho ai yana da zaɓe-zaɓe, ni ma na daina cin burodin tamis in ya kwana. Sai da na ga haɓarta a jiƙe da miyau sannan na tashi. Da na ɗauke ta, Ummi, kamar na ɗauki hular kaina. Gashi ya rufe ramar, ido ba ya gani. Saboda haka na sa miki ƙaramin sikelin kicin a cikin kayan. Duk Juma'a ki ɗora kowace a cikin kwano ki duba. In nauyi yana sauka mako biyu a jere, kada ki jira na uku. Kowace safiya kuma ki duƙa ki dubi kashinsu. Na san za ki yatsine fuska. Alhaji Bello maƙwabcinmu ya taɓa shigowa ya same ni a durƙushe ina duba, ya ce, "Usman, mutane na kiwon raguna, kai ka ƙare a lissafin kashin ɓera. Har da mukayyif nasu na kansu, ni ɗakina fanka ce!" Na ce, "Alhaji, ragon naka kwana nawa yake yi a gidanka kafin ka cinye shi? Nawa shekara goma sha biyar, kuma har yau ba su ga wuƙa a hannuna ba." Ya ce ai ko an yanka ba za su cika cokali ba. Ki bar shi da bakinsa, ke dai ki duba. In kashin ya ƙanƙance, ko ya ragu, ko babu, a ranar za ki nemi likita, ba gobe ba. Tun yanzu ki sa mijinki ya nemo wanda ya san irinsu a Ɗa'ifa, don ba kowane mai duba kyanwa ya san su ba.

Ranar tafiya ku biyo hanyar Sail, kada ku hau ta Hada. Na san ta Hada ta fi kusa, kuma amarya za ta so a tsaya kallon birai, amma lanƙwasar dutsen nan ko mutum tana juya masa ciki. A kunna sanyin motar kafin a fito da su. Su biyu a ƙaramin akwati ɗaya da ciyawa, a ƙasa tsakanin kujeru inda rana ba ta kaiwa, a rufa da farin zane. Ba tsayawa shan shayi, ba tsayawa gaisuwa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Cikin kwanakin nan tara, ina ɗura wa Gwaggo abinci da sirinji tana kawar da kai, na yi wa Ubangijina alkawari, in ta ci da bakinta zan faɗa miki. Ta ci. Ga ta nan.

Ranar da Auta ta mutu, wuta ba ta ɗauke ba. Ni na kashe mukayyif ɗin.

Ke da mahaifiyarki kun tafi Jidda wajen innarki don gudun cunkoson Hajji, kuka bar mini su. Aka kira ni Muzdalifa, inda aka jera motocin alhazai, wai sanyin wasu ya lalace. Na ce kafin azahar na dawo. Na zo fita, na tsaya a bakin ƙofar ɗakinsu, hannuna ya tafi kan makunni da kansa. Kakanki ya yi mana horo tun muna yara, ba a barin fitila ko fanka tana aiki a ɗakin da ba kowa, kuma ya yi horon da bulala. Na dubi ɗakin, Ummi, ga keji ga su uku suna barci, zuciyata ta ce ba kowa. Na kashe. Don in kwantar da hankalina na buɗe taga, na juya musu ƙaramar fanka. Ban san fanka ba ta yi musu komai ba, tun da ba sa gumi, iska mai zafi kawai take kaɗa musu.

Aiki ya riƙe ni har bayan la'asar. Yini guda ina kwance a ƙarƙashin motoci ina sanyaya wa baƙin Allah wurin zama, mutanen da ban taɓa gani ba. Na dawo na buɗe ƙofa, zafi ya buge ni kamar bakin tanda. Gwaggo da Uwani suna kwance a miƙe, kunnuwansu jawur, suna haki. Auta ta riga ta tafi. Na kunna sanyi, na kwantar da biyun a kan tayil, na naɗe kwalaben ƙanƙara da tawul na jera kusa da su, Allah Ya taimake ni suka farfaɗo. Sai na ɗauki waya na kira ki. Na ji muryarki, kina dariya da 'yan'uwanki, bakina ya ce wuta ce ta ɗauke.

Kika yi wata guda kina tsine wa wutar unguwa, ina zaune ina jin ki. Mahaifiyarki kuwa, washegarin dawowarku ta tambayi matar Alhaji Bello ko naman firijinsu ya lalace ranar da aka ɗauke wuta. Matar ta ce wace wuta? Ta dawo ta same ni ina gyaran wata fanka a tsakar gida, ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, kai za ka faɗa mata, ba ni ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Ni kuma kullum ina cewa gobe. Kin sha yaba mini a gaban mutane, kina cewa Baba ya fi ki son su, ya karɓe miki hidimarsu gaba ɗaya. Yanzu kin san daga ina abin ya faro. Daga baya son ya zo da gaske, amma ba shi ne farko ba. Dabinon nan ma da na riƙa tura musu, ina jin biyan wannan nake ƙoƙarin yi.

Ki yafe mini, 'yata. Shekara goma sha ɗaya na riƙe miki gaskiyar abinki. In kin yi fushi kina da hakki, ki yi shi sosai, ba zan ce komai ba.

Amma ki ɗauki darasin, don da tsada na saye shi. Kada sunan Ɗa'ifa ya ruɗe ki. Ta fi Makka sanyi, shi ya sa na yarda su bi ki, ga kuma hannuna da ya fara rawa. Sai dai ita ma tana da ranakunta, kuma tsohuwar cincila ba ta jure abin da yarinya za ta jure. Lambar mukayyif ɗin ɗakinsu kada ta haura ashirin da biyu. Ki manne makunnin da salatif, ki rubuta a kai da Larabci da Hausa cewa akwai mutane a ciki. Ki ɓoye rimot ɗin. Kwalabe biyu na ruwa su zauna a firiza kullum saboda ranar da wutar za ta ɗauke da gaske. Marmarar da suke kwanciya a kai, wadda na roƙo wurin wani magini a unguwar Tandabawi, ita ma ki tafi da ita. In kika ga kunne ya yi ja, ba tambaya, zafi ne. Ki kuma gaya wa Malam Nasiru wannan labari da bakinki, don na lura shi ma ba ya wuce fitila a kunne. Mutumin kirki ne mai tattali, irinmu ne ke yin wannan kuskure.

Sannan wannan, ki ajiye shi sai ranarsa. Sun tsufa, Ummi. Ko kin bi duk abin da na rubuta, wata safiya za ki leƙa ki tarar ɗaya ba ta motsi. Ki bar ɗayar ta shinshine ta kafin ki ɗauke, ta san abin da ya faru, kada ta yi ta nema. In amarya ta tambaye ki, ki faɗa mata abin da ya faru daidai. In tsufa ne ki ce tsufa ne. In kuskurenki ne ki ce kuskurena ne, a ranar, kafin rana ta faɗi. Yarinya tana iya ɗaukar gaskiya, za ta yi kuka ta gama. Ni ban ba ki wannan dama ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki haƙurin da ya fi nawa da hankalin mahaifiyarki. Allah Ya tsare ku a hawa da sauka, Ya raya Jumana a kan alheri, Ya sa duk mai rai da ke ƙarƙashin rufinku ya kwana cikin aminci. Ki gaishe mini da malamina, ki ce ya yi mini sassauci wajen duba rubutun.

Ni ne mahaifinki, Usman mai mukayyif.

Tsaya, kada ki naɗe takardar! Ina cikin sa hannu na ji ƙara, na je na duba. Na manta kwanon garin wanka a bakin keji, Gwaggo ta sauko da kanta ta shige, tana birgima, ta juya hagu ta juya dama, gari ya tashi har kan tabarauna. Uwani ta ji motsi ta lalubo ta faɗa a kanta, yanzu su biyun suna ciki suna ture juna kamar 'yan mata. Na leƙa taga na ƙwala wa Alhaji Bello kira, yana hawowa yanzu yana mita a kan gwiwarsa. Kada ku jira Alhamis. Ku taho gobe, ke da malam da amarya, ki kira innarki ta Jidda ita ma ta zo, zan dafa gahawa, dabinon kuwa mu kaɗai za mu ci. In fushin ne ma, taho da shi, ki yi mini shi a gaban kejin. Ku dai zo ku gani!